Kada Ka Sayar da Uwar Maƙerar Baba

Riyad, 4 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Delou da yara. Ya ciwon ƙafar?

Na ce maka ka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe uwar maƙerar Baba, tunda ba mai ƙira a gidan. To, na janye maganata.

Jiya na kai iyalin kafilina, wato maigidan da nake yi wa direba, gidan tarihi na Al-Murabba. Maimakon in gyangyaɗa a mota, sai na bi su ciki. Can na ga wani ƙaton dutse da ya faɗo daga sama. Kallo ɗaya na yi masa na san ƙarfe ne. Ɗan maƙeri ai ba a nuna masa.

Mai bayani ya ce a cikin manyan taurari ake dafa ƙarfe. Tauraro yana ci da wuta shekaru miliyoyi, har cikinsa ya zama ƙarfe. Daga nan wutar ta rasa abin ci, tauraron ya rufta cikin ƙiftawar ido, ya fashe. Sufanoba suke kiran wannan. Wani ma yakan harbo wani haske da suke kira gama, wanda cikin daƙiƙu kaɗan ya fi abin da rana za ta fitar duk rayuwarta. Ƙarfen ya watsu, har da wanda ya iso garinmu Tasawa.

Wallahi Yaya, ƙaurin gawayi na ji a hancina. Na tuna Baba da awartaki, kai kana duka da masaba, ni ina kan zuga-zugi ina kukan zafi. Ni ne ragon da ya gudu, na sani. Shekara goma sha ɗaya ban yi kewar gida irin ta jiya ba.

Ƙanenka,
Laouali

Riyad, 19 ga Rajab

Yaya Dalhatu,

Ina gaisuwa. Saƙonka ya iso, ashe na makara da mako biyu, ka riga ka sayar da uwar maƙerar. Ban ga laifinka ba, ni na ba da izini. Na yi kuka a mota, ba zan ɓoye maka ba.

Amma da ka ce Dawuda maƙerin Bakin Kasuwa ya tare 'yan ƙarfen a hanya ya karɓe ta, raina ya ɗan yi sanyi. Ko ba komai ana dukanta.

Kada ka nemi ya mayar. Ka roƙar mini shi abu guda: in na zo hutu bayan Salla, ya bar ni in zauna a maƙerarsa wuni ɗaya. Ba zan taɓa komai ba.

Naka har kullum,
Laouali