Kofin Awo da Babur ɗin Mahaifinku

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, da hannuna nake wannan rubutu, hankalina cikakke ne, babu wanda ya sa ni, babu wanda ke tsaye a kaina. Karatuna bai yi nisa ba, ku karanta da haƙuri.

Ku uku nake wa magana: kai Babba, ke Nas, da kai Auta. Makon jiya likita ya nuna mini hoton cikina, ya yi ta zagaye-zagaye, har na ce masa ya faɗa kai tsaye. Ya faɗa. Nas tana wurin, ita za ta yi muku bayani. Na ɗauka wannan ne labari mafi nauyi da zan ji a bana. Ashe akwai wani yana jirana a ɗakin ajiya, ƙarƙashin tampol.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya ce, kada kowa ya ƙara, kada kowa ya rage. Keken ɗinkina na riga na ba Nas tun ina raye, ku shaida. Tufafina a ba waɗanda ba su da shi. Wannan shi ne mai sauƙin.

Na biyu, babur. Sauro nake nufi, sunan da mahaifinku ya sa masa saboda kukansa. Ya girmi Auta da shekara biyu. Irin na da ne, mai shan fetur tare da baƙin mai, mai barin shuɗin hayaƙi a bayansa, wanda maƙwabta ke rufe taga in an tashe shi. Kun san yadda yake da shi. Bai taɓa neman ya mayar da shi na tsere ba, cewa yake yi tsoho ba ya buƙatar gudu, numfashi mai kyau yake buƙata. Yau ya wanke kabureta, wata mai zuwa ya canza filtar iska, ya hau sati guda yana saurare, sannan ya kwance fulogi ya kawo mini har kicin ya ce in duba launinsa. In ya yi kalar shayi da madara, sai ya yi ta murmushi kamar an yi masa haihuwa. Da tsumman nan ma a hannunsa ya rasu, wanda yake goge fulogi da shi, yana zaune a benci da safe, na shiga ɗauko masa ruwa na fito na tarar kansa ya jingina da bango. Wata tara ke nan, har yanzu in na fito da kofi a hannu sai na dubi bencin.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya yadda duk muka san shi, kafin in faɗi abin da ba mu sani ba. Wata biyu da rasuwarsa, Auta ya ga sabuwar salansar da mahaifinku ya saya bai kai ga ɗaurawa ba, tana cikin kwalinta. Ya ɗaura ta, ya canza ɗan bututun tagullan nan na cikin kabureta da fetur ke bi, ya sa wanda ya ɗara shi kaɗan, ya hau sati guda lafiya. Sai Babba ya karɓa zai je makarantar da yake koyarwa. Ya tsaya gidan mai ya cika tanki, ya leƙa ƙaramin tankin baƙin mai na gefe ya gan shi cike, ya kama hanya. A kan babban titi, bayan gada, inji ya kafe, tayar baya ta ƙi juyawa, babur ya yar da shi. Gwiwa ta tarwatse. Yau da sanda yake tafiya.

Kowa ya ce aikin Auta ne. Babba ya ce mai walda irin Auta ya tsaya a ƙofofi da tagogi, ya daina taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Ni kuma, a barandar asibiti, gaban matanku da mutanen da ban sani ba, na dubi Auta na ce masa na binne miji, shi kuma yana so ya sa in binne ɗa saboda son gudu. Ya ajiye ledar maganin da ya sayo a kan kujera ya fita. Wata bakwai bai taka gidan nan ba. In na kira, wayar ta yi ta ringi har ta gaji.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Ranar Talata na aika aka kira Bakanike, aminin mahaifinku, wanda ya daɗe wajen 'yarsa ana yi masa aikin ido, bai ma san an yi haɗari ba. Nufina ya duba Sauro ya gaya mini ko a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa, don kada in bar muku abin da za ku riƙa gani kuna tuna faɗa. Ya yaye tampol, ya shafa salansar, ya ce wanda ya ɗaura wannan ya iya aiki. Ya kwance kabureta ya ɗaga ɗan bututun a haske, ya ce daidai ne, ko mai babur ɗin abin da zai sa ke nan. Sannan ya kwance murfin gefen inji na dama, ya kira ni in zo in gani.

Babu komai a wurin. Fili ne, da wani ɗan faranti da aka toshe rami da shi. Ya ce nan famfon da ke tura baƙin mai cikin inji yake zama, kuma shi da mahaifinku suka cire shi da hannunsu shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da ya fara wasa kuma aka rasa irinsa a kasuwa. Ya nuna mini robar da ta fito daga ƙaramin tankin gefe, an cusa mata ƙusa an ɗaure da waya. Shi ya sa tankin nan kullum yake cike. Babu abin da ke sha daga cikinsa. Tun daga ranar, in ba a zuba baƙin mai a cikin fetur da hannu ba, injin a bushe yake gudu, kuma busasshen inji ba ya nisa.

Sai ya tambaye ni, cikin raha ma, ko har yanzu ni ce kukun Sauro. Sannan ya tambayi wa na koya wa girkin bayan rasuwar mai gida.

A ƙasan ɗakin ajiya na zauna, cikin ƙura da tsofaffin tayoyi.

'Ya'yana, ni ce. Shekara goma sha biyu, duk ranar Asabar da safe, mahaifinku zai kawo fetur a jan galan mai lita huɗu ya ajiye a bakin ɗakin ajiya, ni kuma in ɗauko ɗan kofin silba, in zuba baƙin mai zuwa kan zanen da ya yi da ƙusa, in juye a galan in girgiza. In cika masa wata 'yar kwalba ya sa a aljihun jaket saboda hanya. Ya ce hannuna ya fi nasa daidaito, shi in ya zuba sai ya yi wa Sauro son kai. Duk kun riga kun bar gida lokacin da aka fara wannan, ba ku taɓa gani ba. Ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka gata ne kawai irin nasa, kamar yadda yake goge madubi sau biyu. Ban san numfashin injin ne nake aunawa ba.

Satin da Auta ya hau lafiya, galan na ƙarshe da na haɗa ne ke cikin tanki. Da ya ƙare, Babba ya zuba fetur tsura, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Ranar da ya zo ɗaukar babur ɗin ina ɗaki, na ji tashinsa, har na yi kuka don kukan ya tuna mini da mai shi. Kofin yana kan kanta, taku uku daga inda nake zaune. Na wanke shi da toka da sabulu bayan rasuwar, na zuba allurai da maɓallai a ciki. Wata bakwai ina miƙa hannu cikinsa ina ɗaukar allura, ina jin haushin ɗana.

Ban san yadda mutum zai riƙe abu a hannunsa shekara goma sha biyu bai san me ya riƙe ba. Tun Talata nake juya shi a raina, ban gane ba.

Na huɗu, kai Auta. Ba ka yi laifi ba. Aikinka mai kyau ne, Bakanike ya faɗa sau biyu, ya ce in gaya maka da bakinsa. Ni na yi maka ƙazafi a gaban mutane ba tare da na bincika ba, kuma uwa ce ta yi, wanda ya fi na kowa ciwo. Ina roƙonka ka yafe mini. Ba na ce dole ba, roƙo nake. Kai ne yaron da in na yi maka faɗa kana ƙarami kake shiga bayan ƙofa ka yi shiru har sai na zo na same ka. Na yi jinkirin zuwa wannan karon. Ga ni na zo.

Na biyar, kai Babba. Na san gwiwar tana tashinka da ciwo, na san hawan matakalar ajinku ya zama maka aiki, kuma ba zan ce ka manta ba. Amma fushin da kake ɗauke da shi ba na ƙaninka ba ne. In dole sai ka ajiye shi a kan wani, ga ni, ga mahaifinka da ya cire abu bai rubuta ko'ina ba don yana ganin yana nan. Kai ma ba ka yi kuskure ba, ka leƙa tankin gefe kamar yadda ya koya maka kana saurayi. Ka hana 'ya'yanka zuwa shagon baffansu, ka ce kada a ambaci sunansa a gidanka. Ka janye wannan. Kai ne babba, kai za ka fara zuwa, da sandarka, har shagon waldar, gaban mutanen da suka ji abin da ka faɗa a kansa.

Na shida. Kada a sayar da Sauro. Ba nawa ba ne ni kaɗai, gadonku ne, don haka wannan ma roƙo ne. Bakanike ya ce fiston da ringi ne suka tafi, sai silinda da za a gyara, kuma ya san inda za a samu. Auta ya yi aikin, Bakanike yana kallo. Salansar nan a bar ta, mahaifinku ne ya zaɓe ta. Bayan haka, in za ku ƙara masa wani abu, ku bi yadda mai shi yake yi: abu ɗaya a lokaci ɗaya, a hau sati guda, a duba fulogi. In ya yi fari, yunwa yake ji, a tsaya nan take. In ya yi baƙi, an cika masa ciki. Birki da taya su riga komai. Kada a goga wa cikin inji komai don neman gudu. Tsohon abin da aka cire a sa a akwatin katakon nan na ɗakin ajiya, kada a yar. Ban san dalilin rabin waɗannan ba, na dai ji su sau ɗari ina yankan albasa, kuma yanzu na koyi tsoron riƙe abin da na ji ban faɗa ba.

Na bakwai. Kafin a tashe shi ko sau ɗaya, Auta ya samo farin fenti ya rubuta a kan tanki, da manyan baƙaƙe, kusa da murfi, cewa ba a zuba fetur sai an haɗa da baƙin mai. Ko ya ɓata masa kyau, a rubuta. Ƙaramin tankin gefe a zubar da abin da ke ciki a cire shi gaba ɗaya, ya yaudari mutum ɗaya, ya isa. Kofi ɗaya zuwa kan zane, a galan mai lita huɗu, a girgiza sosai. Na juye alluran, na huda hannun kofin, na ɗaure shi da makullin babur da igiya. Kada a raba su. Haka kuma duk abin da ɗayanku ya canza, a babur ne ko a gida ko a sha'anin iyali, ya gaya wa sauran biyun, ko da yana ganin ƙaramin abu ne.

Na takwas, ke Nas. Ke kika yi ta kai da kawowa tsakanin 'yan'uwanki har kika rame, kowa yana sauke miki nasa. Allah ya saka miki. Na san irin wannan takarda bayan mutum ake buɗe ta, amma kada ki jira. Gobe ki kai wa Auta ya karanta a gabanki, in ya ƙi karɓa ki tsaya a bakin shagon ki karanta da ƙarfi. Daga nan ki wuce wajen Babba.

In Allah ya ara mini kwanaki har aka gama gyaran, ku turo shi tsakar gida, daidai bencin. Babba ya auna mai, don hannunsa lafiya lau. Auta ya buga kik, don ƙafarsa ce mai ƙarfi. Nas ta buɗe mini taga. Shekara talatin ina ƙorafin hayaƙin nan yana shiga mini labule, yanzu shi nake so in shaƙa. In kuma ban kai ba, ku yi hakan duk da haka, ku ukun, kada ɗaya ya tashe shi babu sauran.

Allah ya yi muku albarka, ku da matanku da mijinki da jikokina. Ya ba Babba sauƙin ƙafarsa, ya sanyaya zuciyar Auta, ya hutar da Nas. Ya jiƙan mahaifinku, ya yafe masa shirunsa, ya yafe mini nawa. Na yafe muku komai, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ku riƙe juna, ku riƙa shiga gidajen juna ba sai an yi rashi ba.

Auta, ƙofar a buɗe take. Kofin yana kan kanta.

Mahaifiyarku.