Hannun Hagu na Caitu

Bombay

Zuwa ga Anselmo Noronha,

Gaisuwa, gwargwadon yadda ta kamace ka. Ina fata kana lafiya, kai da itatuwan kwakwarka. Ni ne Caitu Rebelo mai piyano, in ka manta. Ka san ban yi makaranta ba, rubutu wahala yake ba ni, don haka ka karanta da kyau.

Tun ranar da ka ɗauki ƙaton gogenka mai kaurin murya, wato bas, ka bi jirgin ruwa, ko sallama babu, ni kaɗai nake riƙe da daren Juma'a a kulob ɗin Madam Freny. Hannun dama na waƙa, na hagu na yin aikinka, kuma ya fi ka iyawa. Yanzu matar nan ta ce wai kiɗana ya yi sanyi, wai na daina kiɗe-kiɗe masu saurin nan da ke tayar da mutane rawa. Na daina ne don 'yan zamani ba su da kunne. Ta samo wani mai piyanon lantarki, abu kamar katakon guga. Juma'ar ƙarshen wata za ta saurare ni, ta zaɓi ɗaya tsakanina da shi.

Ba roƙonka nake ba. Dama nake ba ka ka zo ka yi kiɗan jaz na gaske kafin ka mutu.

Ka huta lafiya,
Caitu

Aldona, Goa

Ɗan uwana Caitu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarka ta sa ni dariya har haƙorin robana ya faɗo.

Tsohon banza, jirgin ruwa kai ka tura ni. A gaban jama'a ka ce mai hannun hagu irin naka ba ya bukatar bas. Mutumin da ya faɗi haka bai neme ni ba sai yau, kuma ya daina kiɗa mai sauri. Ni ba yaro ba ne. Yatsun ne suka sandare, ko wuyan hannun? Faɗa mini gaskiya in san abin da zan ɗauke maka. In ƙasan kiɗan duka ne, ai aikina ne dama.

Allah ya ƙara lafiya,
Selmo

Bombay

Selmo,

Gaisuwa. Yaushe ka zama likita? Hannuna lafiya lau. Damina ce kawai, yatsu biyu na ƙarshe suna ƙin buɗewa da yamma, kuma damina ba ta dawwama.

Amma tunda ka nace, ga yadda za a yi. Kai ka riƙe ƙasa, ni in dinga ɗan taɓawa da yatsu uku. Ka tsaya ta haguna, ka kare ni da gogen, domin teburin Madam ta nan yake, kuma idonta kamar na shaho. Kada ka ja kiɗan baya yadda ka saba. Kada ka dube ni da tausayi, in ka yi zan tashi in bar maka dandalin. Ka zo da baƙar kwat. Za ka kwana a ɗakina, a ƙasa, akwai shinkafa da miyar kifi.

Maganar jirgin ruwa kuma tana nan, ban yafe ba.

Sai na gan ka,
Caitu

Bombay

Selmo,

Gaisuwa, da fatan motar Goa ta kai ka gida lafiya. Ka ja kiɗan baya sau biyu, na ji. Amma ka ga yadda aka ture tebura aka yi rawa, har masu raba abinci.

Bayan tafiyarka Madam ta kira ni. Juma'a tawa ce, ta sallami mai katakon guga. Ta ce rabonta da jin hannuna na hagu da ƙarfi haka tun tana budurwa. Ban gyara mata zance ba.

Ta tambaya ko dole ne mai gogen nan ya dawo. Na ce tsoho ne, ba shi da kowa, a taimaka masa.

Ka kamo hanya ranar Laraba.

Naka,
Caitu