Makanar Boksinka da Kunnen Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Haruna. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Ni ne dai Abakar, direban da babu irinsa daga Gadarif har Fashaga, wanda laka ke hangowa ta ba shi hanya. Na sani, da kana nan da ka ce in rufe maka baki. Rubutuna kuma ka san shi, kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti, masu leƙowa su yi haƙuri. Maganar injin boksinka, motar nan taka ta ɗaukar kaya, zan yi maka, makana kamar yadda muke cewa, da maganar Inna. Yanzu su biyun sun zama magana ɗaya.

Tun da zazzaɓin damina ya ɗauke ka, Inna ta kasa riƙe labarin. A gaya mata, ta yi kuka, gari ya waye ta ce ina Haruna. Ido ya tafi, tunani ya tafi, kunne kaɗai ya rage, shi kuwa kamar na zomo. In na shigo lungu da motarka gab da magariba, sai ta ce, "Haruna ya dawo, a ɗora jabana." Ta sha gahawarta, ta ci tuwo, kafin ta tuna ba ka shigo ɗaki ba barci ya ɗauke ta. Ran da motar ba ta shigo ba, ko loma ba ta kaiwa baki. To ka ji dalilin da na zama bawan tsohuwar makana.

Wallahi makana ce, Yaya. Silinda huɗu, kabireta, ba kwamfuta ba wayon banza. Ka tuna ran da sababbin motoci suka kafe a baƙar lakar hanyar Doka, masu su na tsaye da jallabiya fara fes, mu muka wuce da leburori goma sha a baya suna waƙa? Ni na leƙo ina ɗaga musu hannu kamar gwamna. Har yau ina gaya wa mutane ni na tuƙa a ranar. Kar ka tona ni.

Kai ka san ta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ka ɗora bakin sukundireba a jikinta, ka kara ƙotar a kunne, ka lumshe ido ka ce filogi na uku ne ke ƙarya. A kwance shi a duba, shi ne kuwa. Ba ka taɓa ba ta ruwan rijiya ba, ka ce gishirinsa ke cin lagireta, sai ruwan sama da kake tarawa a ganga. Baƙin mai ka canza kafin yankan riɗi, ko ya yi baƙi ko bai yi ba. Kullum da safe ka bar ta ta yi ɗumi tukun. "Wanda bai jira makana ba, zai jira ta a daji," haka kake cewa. Ni kuma in ce ka fi lallashinta a kan Halima matarka, ka jefe ni da tsumma.

Duk na yi, Yaya. Ruwan sama na ba ta. Na kara sukundireba a kunne ina gyaɗa kai don mutane su gani, alhali ni ban jin komai sai gar gar gar. Ta yi mini haƙuri iya haƙuri. Daga baya ta fara shan mai kamar baƙo a walima, hayaƙi shuɗi na bin mu a baya, ɗan tudu kaɗan sai leburori sun sauka sun tura. Banzin ma, wato fetur, ya zama kamar turare, sai ka san wani wanda ya san wani.

Usta Bashir makanike, abokinka na kasuwa, ya buɗe kanta ya duba. Ya ce ringi sun cinye, an gyara silinda har babu sauran abin gyarawa, kayanta kuma ko a Hawata babu. "Ya Abakar, za ta tashi, amma ba za ta ƙara ɗaukar kaya ba. Sa wata makana mai jaz, wato dizal, 'ya'yan Haruna su ci abinci." Na yi masa barkwanci, bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. Kakar girbi ta ƙaraso, ga Halima da yara. Na ce a sa.

Ran da na shigo lungu da makanar jaz tana ƙwal ƙwal, Inna ta ce, "Motar wa ce wannan a ƙofarmu?" Ta ture kwano.

Nan fa ƙaninka mai kai kamar na injiniya ya kawo dabara. Na hana a sayar da tsohuwar. Na sa aka yi mata gado na ƙarfe a bayan katanga, da batir, da galan na banzin a rataye, da salansarta ta asali. Na ce wa Usta, duk Sudan ni kaɗai ke da makana ba mota, a rubuta. Nufina in ajiye boksin a bakin titi, in zagayo da ƙafa in tayar da ita, Inna ta ji ka dawo.

Jiya gab da magariba na murza. Ta yi tari, ta mutu. Na ɗiga mata banzin a kabireta, na rufe bakin da tafin hannu kamar yadda kake yi, ta yi tari, ta kama, tana rawa tana ɗaga murya. Na leƙa ta kan katanga ina washe baki, ina jiran a ce a ɗora jabana.

Na manta abu ɗaya, Yaya. Makanar da ta sha hanya tana shigowa da zafinta, muryarta a kwance. Wannan kuwa sanyi gare ta. Shekara da shekaru Inna na jin wannan tarin daga kan tabarmar sallar asuba, ta san ma'anarsa.

Ta miƙe zaune, ta juya kunne wajen katanga. Ta ce, "Haruna, fita za ka yi da yamman nan?" Ta jira. Makana na ta kaɗawa. Sai ta ɗaga hannu biyu ta ce, "To, je ka. Allah ya kai ka lafiya, Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka."

Na tsaya riƙe da wayar batir a hannu. Na ce amin a hankali, na kashe.

Yau ba ta tambaye ka ba. Halima ta kai mata tuwo ta ci kaɗan, ta ce ka yi nisa yanzu. Na rufe makanar da buhun dawa. Ba zan iya sa ka tafi kullum ba.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya karɓi addu'ar Inna a kanka. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba ni ƙarfin riƙe su. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Ƙaninka,
Abakar