Ɗakin Gumagumanka Ya Fara Ruɓewa

Malam, assalamu alaikum.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ai ko kana raye ma cewa za ka yi rubutuna kamar kaza ta taka tawada. To yau babu bakin yi mini dariya, sai ka yi shiru ka saurara.

Jikoki lafiya lau. Ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci, ni kuma ina zaginsu da Hausar da ba su kai gare ta ba. Amma ba zancensu ya sa na ɗauki biro ba.

Ɗakin nan ne na gumagumai, wanda ke ƙarshen lambunan haya, can bayan unguwar Thamesmead. Wanda ka tarar ya tsufa tun kafin a haife mu, ka ƙare ƙarfinka kana lallaɓa shi duk Asabar. Malam, gindinsa ya ruɓe.

Ɗanka na fari ne ya jawo, kuma wallahi da kyakkyawar niyya. Bayan rasuwarka ya ga ruwa na dukan gungumen ƙasa, sai ya yi abin da ya ga ana yi a gidan kakansa kafin damina. Ya tashi daga tuƙin bas, ya kwaɓa siminti, ya yaɓe gindin ɗakin kaf, ya bi da fenti mai ƙyalli. Har hoto ya turo mini. Na sa masa albarka. Wa ya gaya mana itace numfashi yake yi? Kai da ka sani, me ya sa ba ka taɓa zaunar da shi ka faɗa masa ba? Kullum sai dai ya riƙe maka guduma.

Simintin ya kulle laima a ciki. Da tsohon abokin aikinka Kolin ya zo ya fasa, na sa yatsa, ya shige kamar cikin tuwon jiya. Gungumen bakin ƙofa ne, Malam. Wanda kake zama a kai kana shan shayi, har zamanka ya yi masa kwarmi.

Masu kula da lambunan sun ce in ba a gyara kafin sanyi ba, rushewa za su yi, kada ya danne wani. Kolin ya ce gyara ɗaya ne: a sa jak a ɗaga ɗakin gaba ɗaya, a zare ruɓaɓɓen, a sassaƙa sabo a zura. Ya kuma ce ɗaki irin wannan yakan watse a sama tun ba a sauke shi ba. Shi tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, nuni kawai zai iya.

Ɗan naka kuwa ya daina zuwa cin tuwo. In na kira shi, sai ya ce aiki. Ya rame har wuyan rigarsa na lilo. Gani yake kamar ya sa ka mutu a karo na biyu.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Duk tsiyar da nake maka, ina kiran wurin akurkin kaji, ina son sa. A garin nan na siminti, can kaɗai nake zama in ji ƙamshin itace. Har yanzu nakan hau bas in je in zauna a kwarminka. Ya yi mini faɗi.

Da farko na ƙi yarda a taɓa gungumen. Sai na dubi yaron. Jiya na buɗe akwatinka, na ɗauko gizagonka, na kai masa har ƙofar gidansa, na ce shi zai sassaƙa sabon. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya mini baya don kada in ga fuskarsa.

Asabar za a ɗaga ɗakin. Ban sani ba ko zai tsaya, Malam. Zan je da fulas ɗin shayi in tsaya kusa da yaron, ko me ya faru.

Allah Ya kai haske kabarinka.

Taka mai tsiya,
Hajara