Jar Motar da Ta Ƙi Tsayawa a Zurmi

Zuwa ga Alhaji, Baban Sa'adu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, sai dai ka cusa ta aljihu ka ce in faɗa maka da baki. To, bakin ne yau ya rasa mai saurare, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gida lafiya. An yanke mana jiha, kowa sai zancen Gusau yake yi. Sa'adu ya riƙe lodin Shinkafi yadda ka bar masa, gonarka ta Banga kuma ta cika rumbu. Amma ba wannan ya zaunar da ni ba. Na tona maka asiri, Alhaji. Kaura kaf ta san jar motarka ba ta da birki.

Kafin ka ɗaure fuska, ka tuna yadda aka faro. Kai da ke da manyan motocin ɗaukar gyaɗa da shanu, me ya kai ka sayen motar tsere hannun Bature mai komawa gida? Kujera biyu tak, babu inda za a ajiye ko ƙwaryar nono, cikinta yana sharar ƙasa. Ranar da aka sauko da ita daga taragon jirgi ka kira ni ƙofar gida in gani, na ce maka ta yi kyau. Ta yi kyau ɗin, ban yi ƙarya ba.

Shekara da shekaru ina cin tuwo da karatun birki. Ni da na koyar da yara a firamare, sai da ka mai da ni ɗaliba. Ka ce ita ba irin birkin motocin lodi gare ta ba, faifai ne, da wani ƙarfe mai baki kamar awartaki da ke matse shi, wai kalifa. Na gaba ba su da wahala, a cire taya, a zare fil biyu, a sauya abin da ya cinye. Na baya kuwa masu ƙirar sun binne su can cikin cikinta, kusa da aksul, ƙarfen nan da ke juya tayoyi, sai an sauke bayan motar gaba ɗaya hannu ke kai musu. Ka ce dabara ce, don ƙafafunta su yi sauƙi ta kwanta a kwana. Na tambaye ka ko mai dabarar ya taɓa kwanciya ƙarƙashinta a rairayin Kaura, ka ce mata ba su san mota ba.

Mamman bakanike ya leƙa sau ɗaya ya ce sai an sauke bayan. Ka ce babu mai yi wa motarka tsirara a bakin tasha kowa na kallo. Haka aka yi ta gyaran gaba, baya na ruɓewa.

Sai ranar nan a Zurmi. An sauko daga Juma'a, Yaya Ɗahiru, wana uwa ɗaya uba ɗaya, yana tsaye bakin hanya kusa da kasuwa cikin dattawan gari. Ya hango jar mota, ya faɗa musu ga surukinsa nan, har ya matso ya ɗaga hannu. Ka wuce shi fuu, kana ɗaga masa hannu ta taga kamar mai yaƙin neman zaɓe. Ka san gidanmu. Ko jaki mutum ya hau, sai ya sauka ya gaida na gaba da shi. Sai bayan gari motar ta ga dama ta tsaya. Maimakon ka tako da ƙafa ka ba da haƙuri, sai ka zarce gida, ka faɗa mini gaskiya, ka sa na yi alkawarin rufe baki. Gara a ce kana da girman kai da a ce motarka na da ciwo. Wane irin lissafi ne wannan, Alhaji?

Daga ranar Yaya bai sake taka gidanmu ba. Ni ce a tsakiya, salla ta zo in je Zurmi a yi mini shiru, in dawo Kaura a yi mini karatun kalifa. Na ji zafin abin, kuma ban taɓa faɗa maka yadda na ji ba.

Da ka rasu ya zo, ya yi maka salla, ya zauna makoki. Na roƙe shi ya yafe maka, sai ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na san wana. Wannan ba yafiya ba ce, hanyar kauce wa magana ce. Na kasa samun natsuwa, ina tunanin kana kwance da hakkin mutum a wuyanka saboda ƙarfe. Alkawari na ɗauka, gaskiya ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da na fita takaba na kira Mamman na ce ya sauke bayan motar. Abin da ka guda shi ya faru, har ya zarce. An ɗaga ta kan itace a ƙofar gida, masu wucewa na tsayawa kallo, mai shayi ya matso da teburinsa. Mamman yana ƙarƙashi yana yi wa masu ƙirar addu'ar da ba zan rubuta ba. Da kalifar ta fito, ta yi tsatsa ta ƙame, ko guduma ba ta motsa ta. Na naɗe ta a zane na aika wa Yaya da bayani. Ya maido mini da ita, ya ce shi malami ne ba maƙeri ba, kuma ƙarfe ba ya shaida.

To, gani ya kori ji. Mamman ya jiƙa ta a kananzir, ya goge, ya mayar, ya rantse yanzu ko kaza ta gitta motar za ta tsaya. Sa'adu ya tuƙa ta zuwa Zurmi don kawunsa ya ga inda abin yake da idonsa. Ban san da wane baki ya lallashe shi ba, Yaya dai ya naɗe babbar riga ya shiga, rawaninsa na gugar rufi. Suna zuwa daidai kasuwa sai ga tsohon malamin Yaya, wanda ya ba shi karatu, zaune gindin bedi. Yaya ya ce a tsaya. Sa'adu ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Suka wuce fuu, Yaya ya zuro kai ta taga yana jefa gaisuwa baya. Gonar dawar wani ce ta tare su, babu wanda ya ji ciwo sai dawar.

Yaya ya tako da ƙafa, ya durƙusa gaban malamin yana bayanin birki. Tsohon ya kau da kai ya ce dama masu shiga mota haka suke, ƙarfe ba ya laifi. Sa'adu ya ce nan take kawunsa ya fashe da dariya har rawani ya kwance, dariyar kuma ta ƙare da hawaye.

Washegari ya zo Kaura a motar haya. Bai tsaya shan ruwa ba, ya ce Sa'adu ya raka shi maƙabarta. Ya daɗe tsaye a kanka. Ya yi maka sallama, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya kuma roƙi ka yafe masa. Gaisuwar da kuka bari a bakin hanya, shi ya zo ya ƙarasa ta.

Motar na nan ƙofar gida, mun sa mata dutse a taya. An taya ta, na hana. Wani lokaci idan Sa'adu ya tayar da ita don kada inji ya kwanta, nakan tashi in ɗora ruwan wanka kafin in tuna. Na yi kewarka ƙwarai, Alhaji, har da karatun.

Ka yafe mini tonon asirin. Allah ya haɗa mu a inda ba a wuce juna.

Taka har kullum,
Uwar Sa'adu