An Ba Ka Lambar Yabo, Ba a Ba Ni Gawa Ba

Zuwa ga Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sa wannan takarda a fili ne don ban san inda zan aika maka ita ba.

An karrama ka. Rundunarku ta ba ka lambar yabo ta jarumta, na kuma karanta bayanin a tsanake, kamar yadda nake tace labari kafin karatu ya kawo ni Kuala Lumpur. An ce da aka yi muku kwanton ɓauna a bakin kogi, ka umarci yaranka su tsallaka da waɗanda suka ji rauni, kai ka tsaya kana tsare musu baya. Duk sun tsallaka. A nan bayanin ya tsaya.

Na nemi Sajan Bitrus a waya, shi ne na ƙarshen haurewa. Na tambaye shi ko ya ga faɗuwarka. Ya yi ta kuka yana cewa kai ka cece shi. Na sake tambaya. Bai gani ba. Babu wanda ya gani.

Ka tuna zuwanka na bara, da ruwa ya tare mu a shagunan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman? Ka tare tasi ka sa wata tsohuwa, ka tare wata ka sa mai goyo, mu muna jiƙewa, ina ta mita. Ka yi dariya ka ce, "Sai kowa ya shige, sannan ni." Ashe haka kake har a gaban harsashi.

Yayanka Sani ya karɓi lambar a madadin gida, ya ce in fara takaba. Hajiyarku ta ce kada in kuskura, ɗanta na nan dawowa. 'Yan'uwa ɗalibai a nan Sri Petaling suna son yi maka sallar ga'ib ranar Juma'a, amsata kawai suke jira. Kullum da safe nakan ɗauki kwalli, in ajiye, in sake ɗauka. Mai takaba ba ta sa shi, ni kuwa ban san ko ya halatta gare ni ba.

A aikin jarida an hana mu buga mutuwar da ba a tabbatar ba. Ba zan fara da taka ba. Na ce su dakata. Amma ƙarfina na ƙarewa, maigidana. Idan a hannun wasu kake, ko kana kwance a bukkar wani masunci, don girman Allah ka faɗa wa wani sunanka. Ko muryarka ce kawai, ko labari marar daɗi, a kawo mini.

Idan kana raye, Allah Ya haɗa ka da mai ba ka ruwa, Ya nuna maka hanyar gida. Ɗaya addu'ar kuwa na san ta, amma bakina ya ƙi furta ta.

Matarka har yanzu,
Maman Hanifa