Tsohuwar Firintar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya maigidanki da yara? Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci, ramar da ta gani a hoto laifin kyamara ne.

Ni lafiya lau. Kamfaninmu ya rage ma'aikata har da ni, amma kada Inna ta ji, ina nan ina nema. Kafin Allah ya kawo wani, ina ci gaba da aikin sa kai a manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya gyarawa. Ni ke kula da ɓangaren da ke sa kwamfuta ta yi magana da tsofaffin firintoci.

Ƙa'idarmu, duk na'urar da aka rasa mai amfani da ita, cire ta ake yi. Jiya wani abokin aiki ya tabo irin firintar marigayi Baba, ya ce, "Wa ya rage da wannan tsohuwa?" Raina ya ɓaci. Na ce, "Yayata, da ita take ci da yara a shago." Ya ce in kawo shaida.

In suka cire ta, ranar da kika sabunta kwamfutarki firintar za ta yi gum. Na turo miki sabon gyaran manhajar a waya. Ki sa shi a kwamfutar, ki buga shafi ɗaya, ki turo min hotonsa kafin Juma'a, shi ne shaidar da zan kai musu.

Don Allah ki naɗo min ƙararta ma tana bugawa. Wannan ba su nema ba. Ɗakin nan ne ya cika shiru.

Ƙaninki